Sharhi: Garkuwar wanda ya warke daga korona gaskiya ce, amma da tsada ake sayenta

A ranar 5 ga watan Mayun 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sanar da cewa cutar korona ta fita daga jerin matsalolin da ke buƙatar matakin gaggawa a duniya. Tun kafin wannan sanarwa ma, mu a nan Nijar mun jima da jingine takunkumin rufe baki da hanci, an koma musabaha, sahu ya haɗe a masallatai, kasuwanni sun cika kamar da. Sai dai annobar ta bar mana wata magana wadda har gobe ba ta kwanta ba. Ana jin ta a fadar samari wajen shan shayi, ana jin ta a tashar ƴan kabu-kabu, tana kuma yawo cikin saƙonnin murya na WhatsApp tsakanin mutanen gida da ƴan'uwanmu da ke bida a Abijan, Aljeriya, Libiya, Faransa, Beljiyam da Amurka. Maganar ita ce, wanda ya kamu da korona ya warke, jikinsa ya fi na wanda aka yi wa allura ƙarfi, don haka allurar tun farko ɓata lokaci ce.

Wannan magana gida biyu ce. Gidan farko yana da ƙamshin gaskiya fiye da yadda hukumomi da dama suka yarda su faɗa a lokacin annobar. Gida na biyu kuwa kuskure ne, kuma kuskure mai haɗari, domin ya fara tsallakawa daga korona zuwa lambar da ake yi wa yara ta ƙyanda, sanƙarau da mashaƙo. Matsayinmu shi ne a faɗa wa matasa dukkan gaskiyar, mai daɗi da marar daɗi, saboda rabin gaskiya ne ya kawo mu inda muke.

Yadda jiki ke koyon yaƙi

Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, fararen ƙwayoyin jini ne ke tarbarta. Wani rukuni daga cikinsu, da masana ke kira ƙwayoyin B, yana ƙera wasu sinadaran garkuwa waɗanda likitocinmu ke kira antikor. Aikinsu shi ne su manne wa ƙwayar cutar su hana ta kutsawa cikin ƙwayoyin halittar jiki. Ita ƙwayar korona tana da wasu ƙayoyi a bayanta, da su take buɗe ƙofa ta shiga, don haka sinadarin da ya kama ƙayar nan kamar ya toshe mata makulli ne. Akan fara ganin waɗannan sinadarai a cikin jini mako ɗaya zuwa uku bayan kamuwa, su yi yawa, sannan su riƙa raguwa a cikin watanni.

Raguwarsu ba ta nufin jiki ya manta. Akwai ƙwayoyin B masu ajiye tarihin abokin gaba, waɗanda ke iya sake ƙera makamin cikin ƴan kwanaki idan cutar ta dawo. Akwai kuma ƙwayoyin T, masu farautar ƙwayoyin halittar da cutar ta riga ta shiga su hallaka su. Ana iya cewa sinadaran garkuwa su ne masu gadin ƙofar gari, su kuwa ƙwayoyin B da T dakarun da ke bariki suna jiran a busa ƙaho. Masu gadin ƙofa ne ke hana mutum kamuwa, dakarun bariki kuma ke hana ciwon ya kai shi gadon asibiti ko kabari. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai gane dalilin da ya sa mutum ke sake kamuwa, ko ya kamu bayan allura, amma ciwon ya zo masa da sauƙi.

Allura ma wannan darasi take koya wa jiki. Bambancin shi ne tana nuna masa kamannin abokin gaba ba tare da ta sakar masa shi da rai ba. Allurar Sinopharm ta ƙasar Sin, wadda da ita aka buɗe rigakafin korona a Nijar a ƙarshen watan Maris na 2021, ƙwayar cutar ce da aka kashe. Ta AstraZeneca da ta Johnson & Johnson suna amfani da wata ƙwaya marar cutarwa wajen isar da saƙon ƙera ƙayar, yayin da ta Pfizer da ta Moderna ke kai saƙon kai tsaye. Ita kuwa cutar kanta tana nuna wa jiki dukkan sassan ƙwayar, ciki da waje, sannan tana tayar da garkuwa a cikin hanci da maƙogwaro, inda allurar da ake yi a dantse ba ta cika tasiri ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa garkuwar wanda ya warke take da faɗi.

Abin da bincike ya tabbatar wa waɗanda suka warke

A ƙasar Danmak, an bi sakamakon gwajin kimanin mutum miliyan 4 da aka yi a shekarar 2020. Binciken da mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa a watan Maris na 2021 ya nuna cewa wanda ya taɓa kamuwa yana da kariyar kusan kashi 80 cikin 100 daga sake kamuwa. A Ingila ma, binciken SIREN da ya bi ma'aikatan lafiya sama da dubu 25 ya gano cewa haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 84 cikin 100 ga waɗanda suka taɓa yin cutar.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na Isra'ila, da ya fito a watan Agustan 2021 daga bayanan hukumar inshorar lafiya ta Maccabi. An kwatanta waɗanda suka karɓi allurar Pfizer sau biyu a farkon shekarar ba su taɓa kamuwa ba, da waɗanda suka kamu a daidai wannan lokaci ba su yi allura ba. Da nau'in Delta ya zo, ƴan allurar sun fi kamuwa har ninki 13. A watan Janairun 2022 kuma, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da alƙaluman jihohin Kalifoniya da Niyok, inda ta amince cewa a lokacin Delta waɗanda suka warke sun fi masu allura kaɗai tsira daga kamuwa, ko da yake kafin zuwan Delta masu allurar ne ke gaba.

Daga bisani, a watan Fabrairun 2023, The Lancet ta wallafa wani babban nazari da ya tattara bincike 65 daga ƙasashe 19. Sakamakonsa shi ne, wata goma bayan kamuwa, mutum yana da kariyar kimanin kashi 88 cikin 100 daga ciwo mai tsanani, wato kwanciya asibiti ko mutuwa, kuma wannan kariya ba ta gaza wadda allura biyu ke bayarwa ba. Ke nan saurayin da ke cewa jikinsa ya koyi yaƙi da korona bayan ya warke bai yi ƙarya ba, kuma bai kamata a kalle shi a matsayin jahili ba.

Inda lissafin ya karkace

Abu na farko da masu wannan magana ke tsallakewa shi ne, duk alƙaluman da muka kawo na waɗanda suka rayu ne. Wanda cutar ta kashe a karon farko ba ya cikin lissafin masu garkuwa. A hukumance korona ta kashe mutum sama da miliyan 7, amma OMS ta ƙiyasta cewa a shekarun 2020 da 2021 kaɗai, mace-macen da suka ƙaru a duniya sanadin annobar sun kai miliyan 14.9. Mu ma ba ta bar mu haka nan ba. A ranar 3 ga watan Mayun 2020 ta ɗauke ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar. A Kano, maƙwabciyar Maraɗi da Damagaram, an yi ta binne dattawa a watan Afrilun wannan shekara, kuma daga baya ministan lafiyar Najeriya na lokacin ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-mace 979 da aka bincika suna da nasaba da korona. Bayan mutuwa akwai kuma waɗanda suka tashi da gajiya, sarƙewar numfashi, mantuwa ko rashin jin ƙamshi na tsawon watanni.

Kwatanta garkuwar cuta da ta allura ba tare da an saka wannan farashi a ma'auni ba, kamar a ce wanda ya faɗa rijiya ya fito ya fi kowa sanin zurfinta ne. Haka ne, ya fi kowa sani, amma babu uban da zai tura ɗansa ya koyo ta wannan hanya.

Abu na biyu, garkuwar cuta ba ta da mudu ɗaya. Wani ya kwanta mako biyu yana fama, jininsa ya cika da sinadaran garkuwa. Wani kuwa mura ce ta kwana biyu, abin da jikinsa ya ƙera kaɗan ne. A binciken Danmak ɗin nan, kariyar da ta kai kashi 80 ga jama'a gaba ɗaya ta faɗo zuwa kashi 47 cikin 100 ga masu shekara 65 zuwa sama, wato waɗanda suka fi kowa buƙatarta. Allura kuwa awo ɗaya ce, an san ranar da aka yi ta, an san irin da aka yi. Sannan a ƙasa irin tamu, inda gwajin korona ya fi yawa a Yamai da manyan birane, da yawa daga cikin masu cewa sun kamu ba a taɓa gwada su ba. Zazzaɓi, ciwon jiki da tari a lokacin hunturu na iya zama korona, na iya zama mura, na iya zama zazzaɓin cizon sauro.

Abu na uku, ƙwayar tana sauya kama. Birnin Manaus na ƙasar Burazil ya zama darasi ga duniya. Wani bincike a kan jinin masu ba da gudummawa ya ƙiyasta cewa zuwa watan Oktoban 2020 kimanin kashi 76 cikin 100 na mutanen birnin sun riga sun kamu, har wasu suka ɗauka annobar ta ƙare a can. A watan Janairun 2021 sai ga sabon nau'i ya ɓarke, asibitoci suka cika, iskar oksijin ta ƙare, mutane suka riƙa mutuwa saboda rashinta. Da nau'in Omikron ya bayyana a kudancin Afirka a watan Nuwamban 2021, ya tsallake shingen kowa. Nazarin The Lancet na 2023 ya nuna cewa kariya daga sake kamuwa bayan wata goma, wadda ta kusa kashi 79 cikin 100 a kan nau'o'in farko, ta koma kashi 36 a kan Omikron na farko. Ita ma kariyar allura daga kamuwa ta zube a gabansa. Abin da ya tsaya da ƙafarsa a ɓangarorin biyu shi ne kariya daga ciwo mai tsanani.

Wanda ya haɗa biyu ya fi kowa

Tambayar wane ya fi wane ta sa an manta da amsar da bincike ya fi maimaitawa. Shi kansa binciken Isra'ila da masu adawa da allura ke yawan ambato ya nuna cewa wanda ya warke sannan ya karɓi allura ɗaya ya fi wanda ya warke bai karɓa ba tsira. A jihar Kentaki ta Amurka, CDC ta gano a 2021 cewa a cikin waɗanda suka taɓa kamuwa, marasa allura sun fi masu allura sake kamuwa fiye da ninki biyu. Wani nazari da aka yi da haɗin gwiwar OMS, wanda ya fito a watan Janairun 2023, ya auna lamarin a zamanin Omikron: shekara guda bayan kamuwa, kariya daga kwanciya asibiti ko ciwo mai tsanani ta kai kusan kashi 75 cikin 100 ga wanda ya warke kawai, amma ta haura kashi 97 ga wanda ya haɗa cutar da allura.

Dalilin a fili yake. Cutar ta nuna wa jiki dukkan fuskokin abokin gaba, allurar kuma ta zo ta yi masa bita, sai ƙwayoyin da ke ajiye tarihi su farka su ƙera sinadarai masu yawa, masu iya kama nau'o'in da jikin bai taɓa haɗuwa da su ba. Saboda haka ga wanda ya riga ya kamu, allura ƙari ce a kan abin da yake da shi. Ga wanda bai taɓa kamuwa ba kuwa, gara ranar da zai fara haɗuwa da cutar ta same shi da shiri. Masana a Kwalejin Imperial ta Landan sun ƙiyasta cewa a shekarar farko ta rigakafin, allurai sun hana mutuwar mutum sama da miliyan 14.

Hukumomi ma suna da nasu kason

Ba za mu ɗora wa matasa laifin duka ba. A lokacin annobar, saƙon da ya fi yawa a gidajen rediyo da allunan talla shi ne a je a yi allura, ba tare da an tsaya an amsa tambayar wanda ya ce ya riga ya kamu ba. A wasu ƙasashe, duk wanda ya ambaci garkuwar cuta sai a haɗa shi da masu yaɗa jita-jita. An kuma bar mutane da fahimtar cewa mai allura ba zai kamu ba sam, da Omikron ya zo ya kama kowa sai jama'a suka ce ashe yaudara ce.

Ƴan'uwanmu mazauna waje sun ga wannan saɓani da idonsu. Tarayyar Turai, a takardar shaidar korona da ta fara aiki ranar 1 ga watan Yulin 2021, ta amince da wanda ya warke har tsawon kwana 180, muddin yana da sakamakon gwajin da ya nuna ya kamu. Amurka kuwa, daga watan Nuwamban 2021 zuwa Mayun 2023, shaidar allura take nema ga baƙon da zai shigo ta jirgin sama, ko ya taɓa kamuwa ko bai taɓa ba. Sannan wanda aka yi wa Sinopharm a Yamai ya tarar allurarsa ba ta cikin waɗanda hukumar magunguna ta Turai ta amince da su, alhali OMS ta amince da ita. Mutumin da ya ga cuta ɗaya da doka iri-iri, dole ya yi zargin cewa akwai siyasa da kasuwanci a cikin lamarin.

Haka nan illolin allurar. Kaɗan ne ƙwarai, amma akwai su. An tabbatar da wani nau'in daskarewar jini da ba a cika gani ba bayan allurar AstraZeneca da ta Johnson & Johnson. An kuma tabbatar da kumburin tsokar zuciya, galibi ga samari bayan allura ta biyu ta Pfizer ko Moderna, wanda akasarin masu shi suka warke, har ƙasashe irin su Suwidin da Finlan suka dakatar da Moderna ga matasa a watan Oktoban 2021. Ita ma korona tana haddasa daskarewar jini da kumburin zuciya. Da an zauna an jera wa jama'a waɗannan bayanai da harshensu, da masu saƙon murya ba su samu kasuwa ba. A yankin da har yanzu ake tuna gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, amana ba ta samuwa da umarni kawai.

Me ya sa ba ta yi mana ɓarna kamar wasu ba?

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin matasa ita ce, korona ta zo ta wuce, yawancinmu ba mu yi allura a kan kari ba, kuma ga mu nan. Gaskiya ne cewa tun daga mutum na farko da aka tabbatar a ranar 19 ga watan Maris na 2020, waɗanda aka rubuta sun kamu a Nijar ba su kai dubu 10 ba, mamatan kuma ɗari uku da ƴan kai. To amma wannan adadi na waɗanda aka gwada ne. A watan Afrilun 2022, OMS ta fitar da nazarin gwaje-gwajen jini da ya nuna cewa zuwa Satumban 2021 kimanin kashi 65 cikin 100 na mutanen Afirka sun riga sun haɗu da ƙwayar, wato mutum miliyan 800, a lokacin da alƙaluman hukuma ke cewa miliyan 8.2. Ashe cutar ta ratsa mu, yawancinmu ba mu ma sani ba.

Babban abin da ya taimake mu, bayan kiyayewar Allah, shi ne ƙuruciya. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuma ba su kai uku cikin ɗari ba. Korona cuta ce da ta fi kisa a cikin tsofaffi da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda ko raunin garkuwa. Ta tarar da ƙasa cike da yara, sai ta wuce da sauƙi. Wannan sa'a ce ta yanayin cutar, kuma ba kowace cuta ce ke da irin wannan hali ba. Akwai waɗanda yaran ne abincinsu.

Kada darasin korona ya kashe mana yara

A nan ne damuwarmu take. Saurayin da ya yanke hukunci a fada cewa garkuwar cuta ta fi ta allura, gobe shi ne mai gida, shi ne zai ba da izini ko ya hana a kai jariri awo da lamba. Ɗan'uwan da ke waje, wanda ke aiko kuɗin cefane, maganarsa tana da nauyi a gidan fiye da ta ma'aikaciyar lafiya. A watan Yulin 2022, OMS da UNICEF sun sanar da cewa yara miliyan 25 ba su samu cikakkiyar allurar mashaƙo, tarin lala da sarƙe haƙora ba a 2021, koma bayan da ba a ga irinsa ba cikin kusan shekara 30. Rahoton UNICEF na 2023 kuma ya nuna cewa yarda da muhimmancin rigakafin yara ta ragu a ƙasashe 52 daga cikin 55 da aka bincika.

Kowace cuta da irin nata lissafin. Ƙyanda, wadda wasu ke kira dusa ko baƙon dauro, tana barin garkuwa ta har abada ga yaron da ya tsira, amma tana makantarwa, tana kisa, kuma tana da wata mugunta da ba kowa ya sani ba. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2019 ya gano cewa tana goge kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na sinadaran garkuwar da yaro ya tara a kan wasu cututtuka, sai ya tashi daga ƙyanda ya faɗa gudawa ko ciwon huhu. Allurarta sau biyu tana ba da kariyar kusan kashi 97 cikin 100 ba tare da wannan asara ba. Ciwon sarƙe haƙora, mai kama jarirai ta cibiya da manya ta rauni, ko mutum ya warke ba ya barin garkuwa ko kaɗan. Mashaƙo ma, wanda ya addabi jihar Damagaram da Kano a 2023, ba kullum yake barin garkuwa ba, shi ya sa likitoci ke yi wa wanda ya warke allura.

Sanƙarau kuwa ba sai an ba ɗan Nijar labari ba. Allurar MenAfriVac da aka fara a ƙasar nan a 2010, tare da Burkina Faso da Mali, ta kusan shafe nau'in A da ya saba yi mana ɓarna duk bazara. A 2015 nau'in C, wanda wannan allura ba ta rufe ba, ya kama mutum sama da dubu 8 ya kashe fiye da 500. Shekaru aru-aru muna kamuwa da sanƙarau muna warkewa ko muna mutuwa, garkuwar cuta ba ta taɓa kore shi ba, sai da allura ta zo. Haka agana, wadda kakanninmu ke ɗauke da zanenta a fuska: lamba ce ta kawar da ita daga doron ƙasa, aka tabbatar da hakan a 1980.

Kiranmu

Ga matasa masu lafiya da suka taɓa kamuwa da korona ko suka yi allura, babu dalilin fargaba. Ita kanta OMS, a shawarwarin da ta sabunta a watan Maris na 2023, ta mayar da hankali ne a kan tsofaffi, masu cututtukan da suka daɗe a jiki, masu raunin garkuwa, mata masu juna biyu da ma'aikatan lafiya, ta kuma sanya yara da matasa masu lafiya a sahun baya. Abin da ya rage gare ku shi ne iyaye da kakanni. Idan akwai dattijo a gida mai ciwon suga ko hawan jini, ko wanda ke shirin zuwa aikin Hajji ko Umra inda ake cakuɗuwa da duniya, a kai shi wurin likita a nemi shawara, kada a yanke masa hukunci da ƙarfin jikin ɗan shekara 25. Kada kuma a ɓata kuɗi wajen gwajin antikor don a san ko ana da garkuwa. Gwajin yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ko da allura, amma ba ya auna dakarun da ke bariki, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a tun a watan Mayun 2021 da kada su dogara da shi.

Ga ƴan'uwa mazauna waje, kafin ku tura saƙon murya ko bidiyo zuwa zauren dangi, ku tambayi kanku wa ya faɗa, a wace shekara, a kan wace cuta. Labarin da ya yi daidai a kan korona a zamanin Delta ba hujja ba ne a kan ƙyandar jaririn ƙanwarku. Idan kun kira gida, bayan tambayar damina da farashin hatsi, ku tambayi katin lambar yara.

Ga ma'aikatar kiwon lafiya da abokan aikinta, wata annobar za ta zo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A tanadi masu bayani da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci, waɗanda za su iya cewa eh, wanda ya warke yana da garkuwa, ga iyakarta, ga kuma abin da allura ke ƙara masa. A riƙa yin gwaje-gwajen jini a jihohi ana bayyana sakamakon, don a san inda cuta ta kai kafin a tsara rabon allura. A faɗi illa idan akwai ta, a faɗi yawanta, a faɗi inda za a kai ƙorafi. A shigo da malamai, sarakuna da shugabannin fada tun ranar farko, kada a bari sai an fara ƙone-ƙone a kan rufe masallatai kamar yadda aka gani a 2020.

Mu ma ƴan jarida aikinmu ne mu riƙa kawo alƙaluma yadda suke, ko sun yi wa hukuma daɗi ko ba su yi ba. Jama'ar da aka gaya wa gaskiya a kan korona ita ce za ta buɗe ƙofa idan masu lambar ƙyanda suka yi sallama.